Kartar Roba Ko Ta Takarda: Abin Da Bayan Kati Ke Tonawa A Kafanchan

Ruwan la'asar ya ɗauke a Kafanchan, amma iskar watan Agusta tana nan a jiƙe, irin wadda ke sa ashana ta ƙi kamawa. A wata baranda ta Bayan Loko, mutum huɗu sun kewaye ƙaramin tebur, wayar ɗayansu a jingine da kofi tana haska musu saboda an ɗauke wuta. Mai rabo ya cakuɗa karta, ya miƙa aka yanka, ya shiga jefa wa kowa nasa. Kati na uku da ya sauka gaban wani dattijo yana da ɗan lanƙwasa a kusurwa da ɗigon manja da ya bushe a bayansa. Babu wanda ya yi magana, amma ido shida sun gani. Kowa a teburin ya san lamba 20 ce, katin da ya fi kowane daraja.

Daga nan wasan ya sauya. Na kusa da dattijon ya riƙe katin da ya yi niyyar saki, na gaba ya sake lissafi. Da aka tashi ƙirga maki sai gardama ta ɓarke.

"Haba Baba, ai tun farko mun san abin da ke hannunka."

"To laifina ne? Ku sayo sabuwa mana!"

Babu wanda ya yi maguɗi a wannan zama. Kartar ce ta tsufa har ta fara tona asirin masu riƙe da ita. Wannan ƙaramar matsala, da ake gani a Takau da Aduwan da Katsit, da Zonkwa da Kagoro da Kwoi, ita ce ta sa tambayar da manyan gidajen wasa na duniya suka daɗe da amsawa ta iso barandar talaka: kartar takarda za a saya, ko ta roba?

Garin mahaɗa

Kafanchan gari ne da zaman jira ya gina. A 1927 ne layin dogon da ya taso daga Fatakwal, ya ratso Enugu da Makurɗi, ya haɗe da na Kaduna, reshe kuma ya haura tsaunin Jos. Ƙasar Fantswam ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, ma'aikata suka kwararo daga kudu da arewa: Ibo, Yarbawa, Tibi, Hausawa, ga kuma Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro da Kaninkon da ke kewaye. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ma ta dawo garin. Inda duk aka tara mutane masu harsuna barkatai, ga aikin kwana, ga jirgin da kan makara, dole a nemi abin ɗebe kewa wanda ba ya bukatar tafinta. Dara da ludo da karta duk sun cika wannan sharaɗi.

Kartar da ta fi shiga gidaje a nan, kamar sauran Najeriya, ita ce Whot. Wani Bature mai suna William Storey ne ya ƙirƙiro ta a garin Southend na Ingila a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons na Leeds ya ci gaba da buga ta. A can ta yi tashe ta lafa. A nan ta zama 'yar gida. Kati 54 ne: da'ira 12, mai kusurwa uku 12, kuros 9, mai kusurwa huɗu 9, tauraro 7, sai katin Whot guda 5 masu lamba 20. Babu 6 babu 9 a cikinta. Dokokin da 'yan Najeriya suka ɗora mata su ne gishirin wasan: lamba 2 ta sa na gaba ya ɗebi biyu, 5 ya ɗebi uku, 8 ta tsallake shi, 1 ta ba mai ita damar sake jefawa, 14 kuma ta tura sauran 'yan wasa kasuwa, wato su ɗebi kati daga tulin da ba a raba ba. Wanda ya rage da kati ɗaya bai sanar ba, ya sha hukunci.

Kusa da ita akwai kartar Turawa mai kati 52, wadda ake wasanni iri-iri da ita, ciki har da foka. Foka ba ta yi jijiya a Kudancin Kaduna kamar Whot ba, amma finafinai da wasannin waya sun kawo ta ɗakunan ɗalibai a Gidan Waya da harabar Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da kuma falon ma'aikatan da kan dawo gida hutu daga Abuja da Legas. A salon da ya fi shahara, wanda ake kira Texas Hold'em, kowa na karɓar kati biyu a kife, a buɗe biyar a tsakiya. Dukan wasan ya rataya ne a kan katin nan biyu da babu wanda ya san su sai mai su. In bayan kati ya yi alama, foka ta mutu murus.

Yawancin gidajen da ke wannan wasa ba kuɗi suke sawa ba. Masallaci da coci duk sun yi tir da caca, iyaye kuma sun ga gidajen da ta rusa. Ƙwayar gyaɗa, tsinken ashana, murfin kwalbar lemo, su ne jarin teburin iyali. Sai dai ko a kan gyaɗa ake wasa, ba wanda ke son a ga hannunsa.

Iri uku, ba biyu ba

Mai saye da ya tsaya gaban shago a kasuwar Kafanchan yakan ɗauka karta iri biyu ce. A gaskiya uku ce, kuma a nan ne ake yawan yin kitso da ƙwarƙwata.

Ta farko ita ce ta takarda zalla. Mai kyau daga cikinta ba falle ɗaya ba ce: falle biyu ne aka manne da baƙin gam a tsakiya, don kada haske ya ratsa a hango lambar ta baya. Kartar Bicycle ta Amurka, wadda ake bugawa tun 1885, tana da 'yan ƙananan ramuka a fuskarta da ke riƙe iska, shi ya sa take sulɓi a hannu ba tare da zamewa ba. Mai araha kuwa, irin wadda ta cika tebura a bakin titi, kwali ne siriri da ɗan sheƙi a sama.

Ta biyu ita ce mai ruɗin mutane: takarda ce aka shafe ta da siririyar roba. A kwali za a ga kalmar roba da manyan baƙaƙe, mai shago ma ya rantse roba ce, don shi ma haka aka sayar masa. Fuskar tana ƙin ruwa na ɗan lokaci, amma gefen kati a buɗe yake. Ta nan laima ke shiga, katin ya kumbura, ya fara ɓarewa gida biyu kamar ɓawon albasa.

Ta uku ita ce roba ɗari bisa ɗari, babu takarda ko kaɗan a cikinta. Ita ma gida biyu ce. Akwai ta PVC, dangin robar da ake bututun ruwa da silin da ita; da wannan kamfanin Copag na Brazil, wanda aka kafa a Sao Paulo a 1908, ya yi suna. Akwai kuma ta asitet, robar da ake sarrafawa daga ɓargon itace ko auduga, wadda kamfanin KEM na Amurka ke yi tun shekarun 1930. Ta asitet ta fi laushi da daɗin lanƙwasa, ta kuma fi tsada. Ta PVC ta fi tauri kaɗan, sabuwarta na da santsi sosai, har takan watse daga hannun wanda bai saba ba. Italiya ma tana da tsofaffin gidajen buga karta, irin Modiano na birnin Trieste da Dal Negro na Treviso, Sifen kuma tana da Fournier. Abin mamaki, yawancin manyan sunayen sun taru a hannu ɗaya: kamfanin Cartamundi na Beljiyam, mai hannun jari a Copag, ya sayi kamfanin da ke buga Bicycle da KEM a 2019.

Darasin kuɗin leda

Ɗan Najeriya ba ya bukatar dogon bayani kan bambancin takarda da roba, don yana ɗauke da gwajin a aljihunsa. A 2007 Babban Bankin Najeriya ya fito da naira 20 ta leda, a 2009 ya ƙara da naira 5 da 10 da 50. Kowa ya ga abin da ya biyo baya. Kuɗin leda ba ya jiƙewa, ba ya yagewa da sauƙi, ko an manta shi a wando an wanke yana fita lafiya. Amma fentin jikinsa yakan koɗe, har a wayi gari mai kayan miya tana juya naira 50 tana neman hoton da ke jiki. In kuma ya kusanci wuta, ya ƙanƙance.

Haka kartar roba take, ƙarfinta da rauninta. Ba ta shan ruwa, ba ta riƙe lanƙwasa, amma tawadar tana zaune ne a saman robar, ba ta nutse ciki kamar yadda take nutsewa a takarda ba. Mai kyau an rufe tawadar da kariya mai ƙarfi. Ta jabu kuwa, bayan 'yan makonni sai ja ya koma ruwan hoda, tauraro ya rasa ƙafa ɗaya, a fara musun ko 3 ce ko 8.

Damina da hunturu

Yanayin Kudancin Kaduna ba ya raga wa takarda. Nan ba Katsina ba ce. Damina kan fara tun Afrilu ta kai Oktoba, ruwan da ke sauka a gindin duwatsun Kagoro shi ke ciyar da gangaren Matsirga, shi ne kuma ya sa cittar Kachia da Jaba ta yi suna har ƙasashen waje. Laimar da ke raya citta ita ke kashe karta. Takarda na shan danshin iska, ta kumbura, ta banƙare kamar kwale-kwale. Katunan sai su riƙa mannewa bibbiyu, uku-uku.

Mannewar nan ba ƙaramin abu ba ne. A 1992 wasu masana lissafi biyu na Amurka, Dave Bayer da Persi Diaconis, sun nuna cewa karta mai kati 52 tana bukatar a cakuɗa ta kamar sau bakwai, irin cakuɗawar da ake raba ta biyu a saƙa gefe cikin gefe, kafin a ce ta gauraya da gaske. Wannan lissafi na kartar da kowane kati ke tafiya shi kaɗai ne. In sun manne, ko sau goma aka cakuɗa, katunan da suka fita tare a zagayen baya za su sake dawowa tare. Shi ya sa a wasu tebura ake ganin mutum ɗaya na ta samun 2 da 14 a jere, a fara zarginsa da asiri, alhali danshi ne.

Ga kuma hannun ɗan Adam. Ana wasa ana cin gyaɗa, ana taɓa tsire, ana shan kunu. Gumi da mai duk suna sauka a kan kati. Takarda ta sha ke nan har abada. Roba kuwa a zuba ruwan sanyi da ɗan sabulu mara ƙarfi, a goge da tsumma mai laushi, a shanya a inuwa ɗaya-ɗaya, ta dawo kamar jiya aka saye ta.

Da hunturu ya shigo, lissafin ya ɗan juya. Iska ta bushe, takarda ta samu sauƙi, ita kuma roba ta gamu da ƙura. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi. In ta kwanta a tebur ana jan kati a kai, sai ta riƙa kankare bayansa a hankali. Maganin wannan shi ne shimfiɗa zane ko bargo a kan tebur kafin a fara. Babban abokin gabar roba kuwa zafi ne. Kartar da aka bari a gaban gilashin mota da rana, ko a kan janareta, ko aka wanke da ruwan zafi, za ta lanƙwashe, kuma ba ta miƙewa.

Fam miliyan 7.7 a bayan kati

Wanda ke ganin ɗigon manja a bayan kati wasa ne, ya ji labarin Phil Ivey, ɗaya daga cikin shahararrun 'yan foka na Amurka. A 2012 ya shiga gidan caca na Crockfords da ke Landan tare da wata abokiyar wasansa mai kaifin ido, Cheung Yin Sun. Ta lura cewa zanen bayan kartar gidan bai daidaita ba: wurin yanka a masana'anta, gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya, bambancin da ido na yau da kullum ba zai kama ba. Suka roƙi mai rabo ta riƙa juya wasu katuna, wai don neman sa'a. Da aka juya masu daraja duka suka fuskanci gefe guda, sai ya zama suna gane su tun suna kife. Cikin kwana biyu Ivey ya ci fam miliyan 7.7. Gidan ya ƙi biya, aka tafi kotu, a watan Oktoban 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa abin da ya yi maguɗi ne, duk da bai taɓa katin da hannunsa ba.

Abin da ya faru a Landan da abin da ya faru a barandar Bayan Loko abu ɗaya ne, girman kuɗin ne ya bambanta. Fuskar kati ado ce. Aikinsa na gaskiya yana bayansa, inda dole duka 52 ko 54 su zama kamar an tsaga kara. Shi ya sa gidajen caca da ke amfani da takarda ke canza karta a kai a kai, ɗakunan foka kuma suka koma roba. Ɗan foka yana ɗaga kusurwar katinsa ya leƙa, ya saki, sau da yawa a zama ɗaya. Takarda tana tuna wannan lanƙwasa, roba tana mantawa.

Gwaji a gaban mai shago

Wanda ya san karta ba ya saye da ganin kwali. In mai shago ya yarda a buɗe, ko akwai ta gwaji a kan kanta, minti biyu sun isa.

Da farko a duba gefen kati. In ana ganin layi-layi kamar an haɗa falle, takarda ce ko me aka rubuta a kwali. Sannan a ɗaga shi a saitin rana ko fitilar waya: in lambar ta bayyana ta baya, a ajiye, domin roba mai araha takan yi shara-shara, kuma wanda ke zaune yana fuskantar fitila zai riƙa karanta hannun abokinsa. A lanƙwasa shi a hankali a saki. Roba ta gari tana komawa miƙe nan take, ba ta barin farin layi. A goga babban yatsa mai ɗan danshi a kan jan fenti a ga ko zai biyo hannu.

Gwaji na ƙarshe tsoffin 'yan karta ne suka san shi. A riƙe kartar duka a kife, a saki gefenta da sauri da babban yatsa ana kallon zanen baya. In zanen ya tsaya cik, lafiya. In wani abu ya riƙa motsi ko walƙiya kamar majigi, to akwai katin da ya bambanta da 'yan'uwansa.

Sai batun girma. Kartar Turawa tana zuwa da faɗi biyu: inci 2.5 da inci 2.25, tsawon duka inci 3.5. Mai faɗin ita ake wa laƙabi da girman foka, amma yawancin ɗakunan foka siririyar suke amfani da ita, saboda ta fi sauƙin cakuɗawa da riƙewa. Ga yara da mata masu ƙaramin hannu, da wasan da ake tara kati da yawa a hannu bayan an sha zuwa kasuwa, siririyar ta fi. Akwai kuma mai manyan lambobi a kusurwa. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya, kuma dattawa ke zama a tebur ba tare da tabarau ba, wannan ya fi kowane ado amfani.

Lissafin aljihu

Kartar roba ta asali tana da tsada, kuma tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023 duk kayan da ake shigowa da su suka ƙara nisa da talaka. Kuɗin Copag ko KEM guda zai sayi kwalayen Whot na takarda masu yawa. Ba kuma kasafai ake samunsu a shagon unguwa ba. Sai an yi saƙo Kaduna ko Jos ko Abuja, ko an yi oda ta intanet, inda jabu ke yawo da sunan asali.

Don haka amsar ta danganta da gidan. Iyalin da ba sa taɓa karta sai lokacin Kirsimeti ko hutun Sallah, takarda mai kyau ta ishe su, a ajiye ta cikin kwalinta a wuri busasshe. Gidan da yara ke ɗauka su watsar, a rasa kati uku kafin mako, asara ce a kai musu mai tsada, domin karta ko ta zinariya ce in kati ɗaya ya ɓata ta tashi aiki. Amma majalisar da ke zama kusan kullum, a shagon tela ko bayan an tashi daga kasuwar citta, tana cinye kwalin takarda cikin 'yan makonni a damina. A nan ne roba ke fanshe kuɗinta, don tana iya shekaru ana murza ta. Masu irin wannan zama kan yi karo-karo su sayi ɗaya, su damƙa ta a hannun mutum guda. Manyan kamfanonin kan sayar da ita biyu a akwati ɗaya, bayan ɗaya ja, ɗaya shuɗi, don a riƙa raba wannan ana cakuɗa waccan, kuma katin wata ba ya shiga cikin wata a ɓace.

A ƙarshen Disamba, lokacin da motoci ke sauke 'yan gari daga kowace kusurwa, ana shirin bikin Afan na Kagoro na ranar 1 ga Janairu, tebura kan cika har tsakar dare. Kawu da ya zo daga Legas, ɗalibar da ta dawo daga Zariya, maƙwabci Bahaushe mai shago da abokinsa Bajju, duk a benci ɗaya, ana Hausa ana jefa kati. In an tashi, wanda aka ba ajiya yakan tsaya shi kaɗai a ƙarƙashin fitila. Ya ware da'ira gefe, tauraro gefe, ya ƙirga lamba 20 ya ga biyar ne cif, ya goge wanda kunu ya taɓa da gefen rigarsa, ya mayar da su kwali, ya ɗaure da roba, ya sa a aljihun gaba kafin ya kashe fitilar.